Surajo a Gindin Kurna

A ɗakin da Hausawan Sanaiya, unguwar ma'aikata a Doha, ke taruwa bayan sallar Juma'a, ba kowa ne ya san sunan yankansa ba. Sarkin Baka suke ce masa. Wani direba ɗan Kumasi mai suna Mubarik ne ya laƙaba masa sunan don tsokana, sunan kuwa ya zauna. Shi dai Surajo bai taɓa cewa shi maharbi ne ba. In an tambaye shi sana'arsa ta gida, sai ya ce mahaifinsa ne maharbi, ya ɗauki kofin shayinsa. Siriri ne, furfura ta cinye gemunsa, kuma yana da wata irin tafiya da samari ke kwaikwayo idan ya juya baya: gefen ƙafa yake fara ajiyewa, a hankali, ko da a kan tayil ne, kamar akwai busasshen ganye da yake tsoron takawa.

A Dogon Maje aka haife shi, wani ƙauye da ke bakin daji, inda gonar ƙarshe ke ƙarewa kurmi ya fara. Mahaifinsa Aruna yana da harba-ruga guda ɗaya da maƙeri ya sha gyarawa, amma ba bindigar ce ke ciyar da gidan ba. Itatuwa ne. Tun damina ba ta ɗauke ba Aruna ke shiga daji hannu rabbana, Surajo na biye da shi, ba su neman komai sai ɗaga kai. Su tsaya a gindin wannan kanya, su dubi rassanta, su wuce wata. Su duba ɗinya, su duba ɓaure, su gangara rafi su hau tudu. Da suka dawo gida uwarsa za ta tambaya me suka samo, Aruna ya ce sun samo, bai kuwa riƙo komai ba.

Abin da ya koya wa ɗansa ba shi da yawa, sai dai ya ɗauki shekaru yana koya masa. Shekara iri biyu ce a wajen maharbi. Akwai wadda kowace kanya ke haihuwa, 'ya'ya su zuba ko'ina har ƙasa ta yi danƙo. Mutanen gari murna suke da irin wannan shekara, yara su cika aljihu, amma Aruna ɓata rai yake. Gada ta ƙoshi a inda take kwance, ba ta da dalilin fitowa fili. Sai ka wuni a gindin itace mafi daɗin 'ya'ya, ba abin da zai zo, don akwai irinsa ɗari a bayanka. A irin wannan shekara dole ka bar zaman jira, ka rarrafa cikin sarƙaƙiya kusa da makwancinta, ƙaya na yagar ka, sau da yawa ka dawo da kunya. Akwai kuma shekarar da itatuwan tudu ke yin fure su zubar, sai 'yan ƙalilan na bakin rafi su riƙe. To, a nan ne maharbi ke cin nama. Duk wata gada da mazo da ke dajin, yunwa za ta kawo su gindin waɗannan 'yan itatuwa. Kai dai ka san wanne ne ya fara zubarwa, ka barbaɗa toka ka ga inda iska ta nufa, ka zauna ta inda warinka ba zai je musu ba, ka daina zama mutum na ɗan lokaci.

"Ba dabbar za ka bi ba," in ji Aruna. "Cikinta za ka bi. Ita ma shi take bi."

Surajo ya girma a kan haka. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya binne mahaifinsa, ya gaji harba-rugar. Sannan wasu mutane suka shigo dajin da bindigogin da ba maƙeri ya ƙera ba, suka zauna a ciki. Da farko nesa ake jin su. Daga baya ya zama in ka ga sawun babur a hanyar rafi, gida kake komawa. Ranar da Surajo ya kwashe matarsa Safiya da yara zuwa Funtuwa, kanyar bayan gidansu ta yi nauyi har rassanta na taɓa danga. Bai tsinki ko ɗaya ba. Bindigar kuma ya tura ta cikin wata tsohuwar rijiya, don a lokacin duk wanda aka gani da bindiga a hanya ba a tsayawa tambayarsa ta mene ce.

A Funtuwa ɗaki ɗaya suka samu a gidan wani ƙanin Safiya. Wannan ƙanin ne ya san wanda ya san wani, har aka yi wa Surajo hanyar Doha, aikin gadi.

Shekarunsa na farko a ƙarƙashin ƙasa ya yi su, a wurin ajiye motoci na wani bene a Al-Sadd. Fitila fara dare da rana, warin hayaƙi, sandar ƙarfe da ke ɗagawa ta sauka. Yana tsaye har ƙafafunsa suka fara kumbura. Bai san ko an yi hadari a waje ba sai in ya ga mota ta shigo da jiƙaƙƙen gilashi. Don haka ranar da aka zo neman wanda zai koma gonar mai kamfanin can cikin sahara, wadda suke kira izba, inda ba kanti, ba bas, waya ma sai an hau tudu, sauran masu gadin kowa ya sunkuyar da kai. Surajo ya tambaya me ake kiwo a can. Aka ce barewa. Ya ɗaga hannu.

Izbar tana yamma da birni, bayan an wuce Mu'aither da nisa. Shingen waya ne mai tsawo, a ciki rumfuna, komin ruwa, da garken barewa masu launin yashi. Mai kula da wurin wani Basudane ne, Abdulhakeem, wanda kakanninsa mahajjata ne daga ƙasar Hausa da suka tsaya a hanya, yana kuma da sauran Hausa a bakinsa, tsohuwa, mai ƙamshin Larabci. Mubarik shi ke tuƙa a-kori-kurar abinci. Safe da yamma zai loda ɗanyar ciyawa, ya shigo ta babbar ƙofa, ya danna hon. Ranar farko da Surajo ya ga abin da ke biyo baya, tsayawa ya yi da manjagara a hannu. Barewa, dabbar da a ƙasarsu ko inuwarka ta hango ta bar maka jihar, ga su nan suna tsere zuwa wajen mota, suna tura juna, wata har tana ɗora ƙafafun gaba a bayan motar.

Mubarik ya leƙo ta taga. "Sarkin Baka, ka gani? Ni ba toka, ba rarrafe. Hon kawai."

"Waɗannan awaki ne aka yi musu fenti," in ji Surajo.

Amma ya so aikin. Wanke komi, kwashe kashi, zagaya shinge yana duba inda waya ta saki. Kumburin ƙafarsa ya sauka. In ya sami sarari da yamma sai ya fita bayan shingen, ya taka zuwa wani kwari da ruwan sama ke kwanciya a shekarar da aka samu, irin wanda Larabawa ke kira rauda. A nan ya ga abin da bai yi zato ba: kurna. Gajeru ne, iska ta karkatar da su, amma kurna ce, ganyenta da ƙayarta. Ba wanda ya aike shi, sai ga shi yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga kai. Cikin 'yan shekaru ya san wadda ke riga fure, da wadda 'ya'yanta ke da bauri, da wadda ba ta taɓa haihuwa ba. A cikin shingen kuwa babu kurna ko ɗaya. Inuwar kwano ce da ta raga.

Gab da azumin wata shekara, Abdulhakeem ya same shi a bakin komi, ya daɗe yana maganar famfo kafin ya zo kan abin da ya kawo shi. An ce ma'aikatan izba sun yi yawa, za a rage mutum ɗaya bayan sallah. Katin zaman Surajo a lokacin zai ƙare, kuma shi ne babba a cikinsu.

"Ban ce an yanke ba, ya Hajji," in ji shi. "Na ce dai ka sani."

Surajo ya ci gaba da goge komin. Ya san a shekarunsa ba kamfanin da zai karɓe shi ko da gadin ne.

Ba a daɗe ba iskar arewa ta taso ta wuni tana kaɗawa, ta ɓalle kwanon wata rumfa ta maka shi a kan shinge. Kafin a lura, barewa uku sun fita. Biyu da yamma aka gan su a bakin babbar ƙofa, lokacin rabon ciyawa, suna neman hanyar shiga. Ta ukun ba ta dawo ba. Kuma ba kowace ba ce. Ita ce mai jan zare a kunne, wadda uwarta ta mutu ranar haihuwarta, mahaifiyar mai gonar ta ɗauke ta zuwa gidanta na Mu'aither ta shayar da ita madara da kwalba, har ta yi girman da tsakar gida ba ta ɗaukarta. Tsohuwar ba ta iya tafiya sosai yanzu, amma duk Juma'a sai an kawo ta a mota ta ga barewarta ta taga. Ga shi kuma barewar na da ciki, ya tsufa.

Washegari kafil, wato mai gonar, da kansa ya zo. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya faɗa. Ya tsaya a inda shingen ya karye, Abdulhakeem na yi masa bayani: za a fitar da motoci, a bazu cikin saharar, in an hango ta a kira likitan dabbobi ya zo da bindigar allurar barci.

Surajo yana gefe. Shekara da shekaru bai taɓa yi wa mutumin nan magana da ta wuce amsa sallama ba. Ya ji bakinsa ya buɗe.

"Gaya masa in aka kore ta da mota, za ta yi gudu har cikin ya zube. Ko zuciyarta ta buga. Gaya masa a bar mini ita."

Abdulhakeem ya dube shi, kamar yana ba shi damar janyewa, sannan ya fassara. Kafil ya tambaya ta yaya. Surajo ya yi bayani a hankali, Abdulhakeem na juyawa. Bana ba a yi ruwa ba. Saharar ƙaf babu ɗanyen abu. A raudar can, kurna duk sun zubar da fure, sai guda ɗaya da ke can ƙasan kwarin ta riƙe 'ya'ya, yanzu haka ta fara zubarwa. Dabba mai ciki, ga yunwa, ba ta da wani wurin zuwa. Zai zauna ya ga lokacin da take zuwa, sannan a kawo likita ya ɓuya tare da shi. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada mota ko ɗaya ta fita ta wannan ɓangaren, kada a yi ƙara.

Kafil ya daɗe yana kallonsa. Ya tambayi Abdulhakeem wani abu, aka ba shi amsa, Surajo ya tsinci kalmar maharbi a ciki. Sannan ya gyaɗa kai. Ya ce zai gaya wa mahaifiyarsa ana gyaran hanya, kada a kawo ta wannan Juma'ar. Ya shiga motarsa.

Ranar Surajo ya yi tafiya kamar an rage masa shekara ashirin. Ya ɗebi toka a murhun da suke gasa nama ya ƙulle a tsumma. Ya daina wanka da sabulu. Ya cire rigar aiki mai kalar ruwan lemo ya sa wata tsohuwar jallabiya da ya birkiɗa a yashi. Ya je ya duba kurnar: ga 'ya'ya nan a ƙasa, jajaye da rawaya, sun fara laushi, ƙamshinsu na tashi. Ya tara duwatsu da busassun rassa ta kudu da ita ya yi maɓoya. Da ya zauna a ciki ya naɗe ƙafa, sai ya ji jikinsa ya tuna komai, yadda ake numfashi ta baki, yadda ake juya ido ba tare da an juya kai ba.

Tsuntsaye suka zo. Wani ɗan dila mai manyan kunnuwa ya zo ya ci ya tafi. Ƙadangare ya hau ƙafarsa ya sauka. Rana ta faɗi.

Bai damu ba. Dabba ba ta zuwa ranar da ka taka wurin.

Da safe ya sami sawunta. Ƙananan kofato, na baya sun fi nutsewa saboda nauyin ciki. Ta zo ta gefen kwarin, ta wuce kurnar da tazarar da ba ta fi jifa ba, ba ta ko karkata ba. Ya tsuguna ya daɗe a kan sawun. Ya ce a ransa warinsa ta ji. Ya rushe maɓoyar ya mayar da ita nesa, bayan wani dutse.

Da rana ya dawo izba shan ruwa, ya tarar da Mubarik a inuwar mota yana cin shinkafa da hannu.

"Sarkin Baka, ina nama?"

"Yana zuwa."

"Ka yi wari fa. Wallahi in ni ne barewa, Saudiyya zan tsallaka." Ya matsa masa kwanon. Da Hausarsa ta Zango, wadda ba ta raba mace da namiji, ya ci gaba: "Ka ji, Alaji. Barewa nan ya san mota na. Tun yana ƙarami ni ke ba shi abinci. Ka bari in fita da yamma, in zaga kaɗan, in danna hon. In bai zo ba, khalas, shi ke nan, ka koma gindin itacenka."

"A cikin waya ta san motarka. Yanzu tana waje."

"To waje ya canza masa kunne?"

"Ɗan Gwanja, ku goro kuka sani. Dabba in ta kwana a daji, ta shaƙi iska, ba wadda ka sani ba ce kuma. Jininta ke tashi. Ka danna hon ɗin nan, ba za mu sake ganin ko ƙurarta ba."

"Biyun da suka dawo fa? Toka ka barbaɗa musu?"

"Ba su yi nisa ba ne."

Mubarik ya lashe yatsunsa. "Ni dai mota ba nawa ba, barewa ba nawa ba. Amma ka san sunan wa ke kan takardar rage ma'aikata."

Surajo ya sha ruwansa ya tashi.

Da yammar ranar, kafin ya gangara kwarin, ya hau tudun da waya ke kamawa ya kira gida. Safiya ta ba shi labarin yara, da na Haulat, babbar 'yarsu, da ta dawo da jariri wankan jego ɗakin ya ƙara cika. Sannan ta rage murya. Wasu mutanen Dogon Maje sun gaji da zaman birni sun koma duba gidajensu. Su biyar suka tafi, in ji ta, amma ba duka suka dawo ba. Ta faɗi sunan wanda bai dawo ba. Tare aka yi musu kaciya da Surajo.

"Malam, kana ji na?"

"Ina ji."

"Ka riƙe wurin nan da kyau. Ko me za su ce maka, ka ce to."

Ya ce to.

Kwanaki suka bi juna. 'Ya'yan kurna suka yi ta zuba, na ƙasa suka fara baƙi, ƙudaje suka same su. Kowace safiya yana samun sawunta a wani wuri, ba ta yi nisa ba, zagaye take. Ya lura da wani abu: duk inda tsohon sawun taya ya ratsa yashi, a cikinsa take tafiya, ta bi shi har ya ɓace a kan dutse, ta nemi wani. Ya ce a ransa yashin wurin ya fi tauri, mai ciki tana neman sauƙin taku. Ya lura kuma taku ya fara gajarta, ƙafar baya na jan ƙasa. Ya sami kashinta, ɗan kaɗan, busasshe. Ya murƙushe shi a tafin hannu ya duba. Ya share hannun a jallabiya.

Abdulhakeem ya zo har bakin kwarin a ƙafa, abin da bai saba ba, yana haki.

"Ya Hajji, an kira ni daga Mu'aither. Tsohuwa ta fara tambaya wace irin hanya ce ba ta gyaruwa."

"Gobe."

"Jiya ma ka ce gobe."

"Yunwa ta kai mata yanzu. Ba ta da zaɓi. Gobe da yamma ka kira likita."

Abdulhakeem ya dubi kurnar, ya dubi tsohon da ya rame ya yi baƙi cikin 'yan kwanaki. Ya ce Allah ya sa, ya juya.

Washegari da hantsi, Surajo yana bin sawu ya ga ya miƙe, ba zagaye kuma. Ya bar kwarin a baya, ya hau tudu, ya nufi kudu. Can kudu akwai wata hanya da tifofi ke bi suna kwasar dutse, in iska ta juyo ana jin rurinsu da hon ɗinsu daga nesa. Daren jiya iska ta juyo.

Ya fara sauri. Daga baya ya yi abin da maharbi ba ya yi, ya bar duban ƙasa ya kama gudu.

A gefen kwalta ya same ta, cikin tsakuwa. Tana da rai. Ƙafafun gaba a tanƙwashe ƙarƙashinta kamar mai hutawa, na baya kuwa sun juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Wanda ya buge ta mai yiwuwa bai ma sani ba. Da Surajo ya matso, ta dube shi da manyan idanun nan, ba ta ji tsoro ba, ba ta kuma yi murna ba. Tifa ta wuce, ƙasa ta girgiza, kunnuwanta suka bi ta.

Waya na kamawa a wurin. Ya kira Mubarik.

Kafin a-kori-kurar ta bayyana, barewar ta riga shi ji. Ta ɗaga kai. Da motar ta sauko daga kwalta tana tangaɗi a kan tsakuwa, sai ta kafa ƙafafun gaba ta yunƙura, ta ja jikinta, ta faɗi, ta sake yunƙurawa, wuyanta a miƙe wajen motar, tana wani ɗan kuka siriri ta hanci. Mubarik ya kashe injin ya fito. Bai yi tsokana ba. Ya koma bayan motar ya kakkaɓo ragowar ciyawar safe, ya tsuguna ya miƙa mata. Ta ci daga hannunsa da sauri, tana haɗawa da yatsunsa.

Surajo yana tsaye, tsumman tokar na rataye a wuyansa.

Abdulhakeem ya kira likita, likita ya kalli hoton da aka tura masa ya ce ba abin da zai zo yi. Aka kira kafil, ya ce kada a bar ta ta mutu mushe. Mubarik ya ce shi ba zai iya ba. Surajo ya ciro 'yar wuƙar da yake yanke igiyar dami, ya wasa ta a kan dutse, ya juyar da barewar ta fuskanci alƙibla. Ya rufe mata ido da tafin hannu. Ya yi bisimilla.

A izba shi ya feɗe ta, don ba wanda ya iya. Hannunsa bai yi kuskure ko sau ɗaya ba, fatar ta fita ɗungurungum. Ɗan tayin ya naɗe shi a buhu ya kai bayan shinge ya binne. Da ya dawo, ya jawo tumbin gefe ya tsaga, kamar yadda maharba ke yi don su san inda dabba ta yi kiwo. Ga ciyawar Mubarik, kore shar, ko narkewa ba ta fara ba. Ƙarƙashinta wasu 'yan busassun tsinkaye, da guntun leda. Ya sa yatsu ya bincika a hankali, har ƙasa. Ƙwallon kurna ba ya narkewa, ko ɗaya ta haɗiya zai gan shi. Ya daɗe yana nema. Sannan ya wanke hannu.

An raba naman ga ma'aikata. Aka gasa da yamma, Surajo ya ce cikinsa ba daɗi.

Kafil bai zo ba, bai kuma aiko da faɗa ba. Abin da aka gaya wa tsohuwar, ba wanda ya sani a izba, sai dai ba a sake ganin motarta ranar Juma'a ba. Azumi ya kama, Surajo ya koma wanke komi da zagaya shinge. Ya daina fita wajen kwarin. Ana saura 'yan kwanaki sallah Abdulhakeem ya same shi, wannan karon bai yi maganar famfo ba. Ya ce an yanke, shi za a rage. Ya ce za a ba shi duk haƙƙinsa da tikiti, kuma kafil ya ce a gaya masa ba ya riƙe da shi.

"Na gode," in ji Surajo.

Mubarik ya so ya je ya yi magana, ya ce ai shi ma da laifinsa, kamata ya yi ya fita da motar ba tare da ya tambayi kowa ba. Surajo ya riƙe masa hannu ya ce ya zauna, yana da yara shi ma.

Sai da aka sha ruwa ranar jajibiri ya hau tudu ya kira Safiya. Ya bari ta gama labarin ɗinkin yara da tsadar tumatir. Sannan ya gaya mata, a taƙaice, bai ambaci barewa ba. Ya ciro wayar daga kunne ya duba ko ta katse. Yana jin kukan jaririn Haulat, da muryar wani yaro yana neman takalminsa, da rediyon maƙwabta.

"Allah ya sa haka ya fi alheri," in ji ta daga baya.

"Amin. Me zan taho muku da shi?"

Ya san tana duba ɗakin ne, kusurwa zuwa kusurwa.

"Katifar da kake kwana a kai," ta ce, "taka ce ko tasu?"

"Tasu ce."

"To ka sayo tabarma a tasha in ka sauka. Zan yi wa ƙanina magana ko zai bar maka zaure."